Gyaran ƙafar gaban tsohuwar mota da kuɗi kaɗan: me zan taɓa, me zan bari?

Tambaya: Ina da ƙaramar mota da ta haura shekara 20. Gabanta yana lilo, tana kwanciya a kwana, in na taka birki sai ta dungura hanci. Ina da jak da sifanoni, kuma ina taɓa aiki da hannuna. Wani ya ce in yanke sifirin ta yi ƙasa, wani ya ce in sa robobi masu tauri, wani ma cewa ya yi in ɗaga ta. Kuɗina ba yawa. Daga ina zan fara?

Amsa: Malam, abubuwa ukun nan da ka lissafa, lilo da kwanciya da dungura hanci, duk alamun gajiya ne. Ba haka motar ta fito daga kamfani ba. Shi ya sa nake ja wa mutane birki idan suka zo da maganar sauya ƙira, domin wanda bai taɓa jin tafiyar motarsa da lafiyayyar ƙafa ba bai san abin da yake so ya sauya ba. Sau da yawa idan aka mayar da ƙafar gaba yadda take tun asali, aka yi mata alaimen mai kyau, wato saitin kusurwoyin tayoyi, mai motar da bakinsa yake cewa a bar ta haka. Kaso mafi tsoka na kuɗinka zai tafi ne wajen maye abin da ya mutu. Ragowar kuma akwai wurare biyu zuwa uku da ɗan kuɗi yake aiki sosai, akwai kuma inda zuba shi asara ce.

Ba ka faɗi irin motar ba, don haka leƙa bayan taya. Idan sifirin ya naɗe shokozoba sun zama sanda ɗaya, ta tashi daga bayan taya ta je ta ɗaure a jikin mota ƙarƙashin bonet, ƙirar MacPherson ke nan, wadda ta ci sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson da ya tsara ta a shekarun 1940. Ita ce a Corolla da Golf da Peugeot 504 da yawancin ƙananan motoci. Idan hannuwa biyu na ƙarfe ka gani suna riƙe da taya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar a Civic ta 1988 zuwa 2000, lissafinta daban ne, zan zo kansa. Akwai kuma wadda ba ta da naɗaɗɗen sifirin sam, doguwar sandar ƙarfe ce take murɗawa tana ɗaukar nauyin, kamar a Pajero da wasu Hilux na shekarun 1990.

Ɗaga motar ka tokare ta da matokaran ƙarfe a wurin da kamfani ya tanada. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Bulo kuma farfashewa yake yi ba sallama. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, boljoyin ne, wato gaɓar da hannu yake haɗuwa da taya, ko boris ɗin da taya take juyawa a kansa. Sa wani ya danne birki ka sake girgizawa: idan motsin ya ɓace boris ne, idan yana nan boljoyin ne. Sai ka kama ta hagu da dama, motsin nan na tayarod ne, wato sandar da take kai juyin sitiyari ga taya, ko na rak ɗin sitiyari da take maƙale a jikinsa. Ga wani abu da ake yawan tsallakewa: a motar da sifirin yake zaune a kan hannun ƙasa, muddin tayar tana reto ƙarfin sifirin yana matse boljoyin har ya ɓoye lalacewarsa. Sai ka sa jak ƙarƙashin hannun, kusa da taya, ka ɗan ɗaga, sannan ka gwada. Daga nan zura ƙarfen cire taya kusa da kowane bushin, wato robar da take mahaɗin hannu da jikin mota, ka banƙara. Lafiyayyar roba tana ba da kai kaɗan ta dawo; matacciya za ka ga ta tsattsage, ko ƙarfen tsakiyarta ya rabu da ita yana yawo. Ka ƙarasa da sukudireba: caccaki wurin da kan shokozoba yake ɗaure da kuma ƙarfen da hannuwan ƙasa suke maƙale a jikinsa. In ta huda tsatsa ta wuce, ajiye duk wani shiri, mai walda za ka fara nema.

Lilon da kake ji aikin shokozoba ne. Sifirin ne yake ɗauke da mota, ita kuwa shokozoba rawar sifirin take kashewa, ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi a cikinta. Danna gefen motar da ƙarfi ka saki: ta taso ta tsaya, lafiya, ta ci gaba da rausaya, ta gama aiki. Sai dai wannan gwajin wadda ta mutu murus kawai yake kamawa. Mai da ya jiƙe jikinta, da taya mai cin tudu da kwari in ka shafa ta, su ma shaida ne. A nan nake so ka fi sakin hannu. Sababbi guda biyu na kamfanin da aka sani, irin su KYB ko Sachs ko Monroe ko Bilstein, sun fi duk wata dabara da za ka yi wa ƙafar. Biyu ake canzawa tare, ba ɗaya ba. Wasu tsofaffin motoci, kamar Golf ta farko da BMW E30, ana kwance babban noti a saman bututun a zare cikin a zura sabo, ba sai an sayi sandar gaba ɗaya ba. Duba ko taka haka take. Tunda ka riga ka kwance, canza robar sama da boris ɗinta, da rigar ƙura, da ɗan soson roban nan da yake kan sandar, wanda yake tare ta idan ta kai ƙarshe. Kada ka kama sandar mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta cinye sil ɗin mai.

Wajen kwance wannan sandar ne ake jin ciwo. Sifirin da yake ɗaure yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Ba a taɓa notin tsakiya na sama sai an matse sifirin da ƙarafan matse shi guda biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ana ɗaure su bi da bi, har ka ga sifirin ya saki kujerarsa yana juyawa da hannu. Igiya ko waya ba sa wannan aikin. Kanka kuma kada ya kasance a saitin bakinsa. Mercedes irin W124 da 190 sifirinsu dogo ne ƙwarai, suna da nasu ƙarfen na musamman mai shiga ta ciki. In ba ka da shi, kai wa wanda yake da shi.

Robobi masu tauri da aka ba ka shawara, wato na foliyuretan, suna da wurinsu. Bushin na asali roba ce da aka manne ta da ƙarfe ciki da waje, ba ta juyawa, murɗewa take yi ta dawo. Shi kuwa foliyuretan zamewa yake yi a kan bututun ƙarfe, shi ya sa yake buƙatar giris irin na silikon, in ya bushe kuma ya dinga kuka ke nan. A kan sandar sitabilaiza, wadda ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, da linkej ɗinta, da kujerar rak, sa shi ba fargaba: ba shi da tsada, kuma nan take za ka ji sitiyari ya daina jinkirin amsawa. Amma babban bushin na bayan hannun ƙasa, a motoci da yawa an ƙera shi ne ya motsa ta fuska fiye da ɗaya, ya sha dukan rami. Ka cusa mai tauri a nan, dukan zai wuce kai tsaye zuwa tsohon ƙarfe da kuma bayanka. A motar hawa kullum, sabuwar roba mai kyau nake zaɓa a wurin.

Kuma ko da sabuwar roba ka sa, akwai kuskuren da yake kashe ta cikin 'yan watanni: ɗaure ƙusar hannu tamau alhali mota tana sama taya tana reto. Da ka sauke motar robar ta murɗe, a haka za ta zauna dare da rana har ta yage. Ɗaura sama-sama, sauke motar ta zauna da nauyinta, ko ka ɗaga hannun da jak har ya kai tsayin da yake zama, sannan ka ƙarasa ɗaurin. Ƙusoshin ƙafa kuma akwai lambar ƙarfinsu a kansu, kamar 8.8 ko 10.9. Wadda ka cire, irinta za ka mayar. Ƙusar da ba lamba a kanta ba ta da hurumi a ƙafar mota. Notin da yake da roba a bakinsa da filin da ake lanƙwasawa a boljoyin, sababbi ake sawa. In za ka sayi kayan aiki guda ɗaya saboda wannan gyaran, sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Yanzu maganar yanke sifirin, wadda na san ita ce ta fi ja maka rai tunda kyauta ce. Gaskiya ne yankewa yana ƙara masa tauri, domin taurin sifirin yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar zagayen da suke aiki. Mai zagaye 8 ka cire 1, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. Matsalar ita ce abin da ka bayar ya fi abin da ka karɓa. Tsakanin inda mota take zaune da inda ƙafar take kai ƙarshe akwai tazara ƙayyadaddiya. A ce taka milimita 70 ce, ka sauke motar da 40, saura 30. Taurin da ya ƙaru da kashi 14 ba zai hana ƙafar cinye milimita 30 a ramin farko ba. Daga nan babu sauran sifirin, ƙarfe ne yake dukan ƙarfe. Ka tuna mutumin da ya diro daga katanga: in ya lanƙwasa gwiwa lafiya lau, in ya sauka da ƙafa a miƙe ƙugunsa ne zai biya. Tayar da ta kai ƙarshen motsinta a tsakiyar kwana tsalle take yi, tayar da take sama kuwa ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita.

Kana iya auna tazarar taka da kanka. Ɗaura siririn ɗaurin roba irin na haɗa wayoyin lantarki a jikin sandar shokozoba mai sheƙi, ka tura shi ƙasa ya taɓa bakin bututun. Yi tafiyarka ta yau da kullum, ka dawo ka duba. Inda ka same shi, nan ne iyakar inda ƙafar ta kai. Idan ya riga ya manne da soson roba na sama tun ba ka yanke komai ba, to ba ka da abin bayarwa.

Ba tazara kaɗai ake rasawa ba. A ƙirar MacPherson hannun ƙasa yakan ɗan gangara daga jikin mota zuwa taya. Idan aka sauke mota da yawa sai ya juye, ɓangaren taya ya fi na ciki tsayi. Daga wannan lokacin wurin da jikin mota yake jingina a kansa idan zai kwanta yana faɗuwa fiye da yadda nauyin motar ya sauka, sai ka ga mota ta yi ƙasa amma kwanciyarta a kwana ba ta ragu ba, wani lokaci ma ƙaruwa take yi. Tayarod shi ma ya bar saitinsa da hannun, kowane tudu ya riƙa juya taya da kansa, sitiyari yana fizgar hannunka. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Milimita 25 zuwa 30 yawancin motoci suna ɗauka ba rigima. Fiye da haka sai da gajeriyar shokozoba da gyaran kusurwoyi, wannan kuwa ya fita daga sahun gyaran mai ƙaramin ƙarfi.

In ka nace sai ka yanke, duba bakin sifirin tukuna. Wanda bakinsa ya ƙare a yadda yake zagayawa, kamar an datse shi kawai, shi ne yake yankuwa. Wanda aka daddale bakinsa ya kwanta, ko wanda zagayensa na ƙarshe ya tsuke, in ka yanke ba zai sake zama a kujerarsa ba. Da girenda mai siririn faifai ake yanka, kwata-kwatan zagaye a lokaci guda, hagu da dama daidai wa daida, a mayar a gwada. A mota mai hannuwa biyu sifirin yana zaune ne wajen tsakiyar hannu, don haka ɗan abin da ka rage a jikinsa yana iya fitowa kusan ninki biyu a taya. Bayan ka gama, ɗaga motar taya ta yi reto ka girgiza sifirin. In yana kwance a sake, wata rana zai fita daga kujerarsa kana cikin gudu. Wutar gas kuwa kada ta kusance shi, ko don yanka ko don a gasa shi ya zauna. Zafi yana kashe ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa ba daidai ba har ranar da zai karye.

Hanyar da ta fi wannan hankali ita ce duba dangin motarka. Kamfanoni suna ƙera jiki ɗaya su sa masa sifirin da sitabilaiza iri-iri, gwargwadon nauyin inji ko kuma samfurin masu son gudu, kuma kayan sukan shiga juna ba tare da huda ko walda ba. Mercedes W124 ma faifan roban da yake saman sifirin kauri huɗu aka yi shi, milimita 8 da 13 da 18 da 23, da shi ake daidaita tsayi. A wurin masu kayan tsofaffin motoci irin wannan binciken yana biyan wahalarsa.

Ɗagawa kuma lissafin ɗaya ne, an juya shi. Fara auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a ɓangarorin biyu. Tsohon sifirin yana lotsawa, sabo na asali kaɗai yakan dawo maka da tsayin da kake nema. In bai isa ba, zoben ƙarin tsayi na milimita 20 zuwa 25 a saman sandar ba laifi, da sharaɗin ka duba tiyon birki bai miƙe tamau ba idan taya tana reto an karya sitiyari har ƙarshe. Wuce haka, shaf mai kai ƙarfin inji ga taya da boljoyin za su riƙa aiki a karkace, robar shaf ce take fara yagewa. Robar da ake cusawa tsakanin zagayen sifirin ba na son ta. Mai sandar murɗawa kuma ya sani, ƙusar daidaita ta tsayi take sauyawa, ba ta ƙara wa sandar tauri.

Kwanciya a kwana, maganinta na gaskiya sandar sitabilaiza ce, kuma a nan ɗan kuɗi yake yin abin mamaki. Ƙarfinta yana bin kaurinta ne ninki a kan ninki har sau huɗu: daga milimita 20 zuwa 22 ƙarfin ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100, zuwa 24 ya ninka. Ba ta cin tazarar ƙafa, ba ta sauya tsayi. Amma a yi hattara, idan ta gaba ta yi ƙarfi da yawa motar za ta riƙa ture hanci waje a kwana, kana juya sitiyari tana son miƙewa, musamman in ƙasa ta jiƙe. Mota mai jan gaba dama da wannan halin take zuwa, don haka mataki ɗaya ya ishe ta. Kafin ma ka nemi mai kauri, canza robobin wadda take jiki da linkej. Sau da yawa sandar lafiyarta ƙalau, riƙon ne ya saki.

Manyan wili da siririyar taya ado ne. Suna ƙara nauyin da shokozoba za ta yi fama da shi, suna rage iskar da take shan duka, in kuma sun turo waje fiye da na asali boris ne zai ji a jikinsa. Ƙarfen da ake gittawa tsakanin kawunan shokozoba ƙarƙashin bonet ba ya cutarwa, amma shi ne na ƙarshe a layi. Tayar kanta ta fi su duka muhimmanci: lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da yake gefen taya sati da shekarar ƙira ne, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Tsohuwar taya da ta ƙandare tana ɓata duk aikin da ka yi.

Abin da zai ɗaure aikin gaba ɗaya shi ne alaimen, kuma duk lokacin da ka kwance ƙafa ko ka sauya tsayi dole a sake shi. Kusurwa uku ce. Kamba ita ce jinginar taya ciki ko waje in ka tsaya a gaban mota. Saman taya ya ɗan jingina ciki da rabin digiri zuwa digiri 1 yana ƙara riƙo a kwana ba tare da cin taya sosai ba. A sandar da take ɗaure da ƙusa biyu a ƙasa ana sayar da ƙusa mai ƙusumbi ta musamman don wannan. Ita za ka saya, kada ka sa siririyar ƙusa ta gama-gari don ka sami wurin motsi. Aunawa ba wuya: rataya zare mai nauyi a ƙasa a gefen taya, ka auna daga zaren zuwa leɓen wili na sama da na ƙasa. A wili mai inci 15, bambancin kusan milimita 7 shi ne digiri 1. Kasta kuma jinginar sandar ce baya, ita take dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, take sa mota ta miƙe a gudu. Motocin da aka ƙera a zamanin tsohuwar taya, kafin radiyal, irin tayar da ake sawa yanzu, ta game duniya, kasta kaɗan aka ba su, kuma suna jin daɗin ƙari. Masu BMW E30 sun daɗe suna sa bushin na M3 mai rami a gefe saboda haka. Sai dai in sitiyarinka ba na fawa ba ne, ƙarin kasta ƙarin nauyi ne a damtsenka wajen fakin.

Ta ukun ita ce tsukewa ko buɗewar gaban tayoyin biyu, kuma ita ce mai cin taya da gaske, fiye da kamba nesa ba kusa ba. Wannan kana iya yin ta a gida da zare. Nemi daɓe mai lebur, daidaita iskar tayoyi, miƙar da sitiyari ka kafe shi. Sa sanduna biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya a gaban mota ɗaya a baya, ka ja zare biyu a tsakaninsu a tsayin tsakiyar wili, tazarar zaren a sandar gaba daidai da ta sandar baya. Matsa sandunan har nisan zare da tsakiyar wili ya zama ɗaya hagu da dama a gaba, haka ma a baya. Ba sai na gaba ya yi daidai da na baya ba, domin faɗin ƙafafun yakan bambanta. Sai ka auna daga zare zuwa leɓen wili na gaba da na baya a kowace tayar gaba. Idan na gaba ya fi nisa, tayar ta tsuke ciki. Mai jan baya takan so tsukewar milimita 1 zuwa 3 jimillar ɓangarorin biyu, mai jan gaba kuma kusan sifili, amma adadin da yake littafin motarka shi ne hukunci. Juya tayarod na hagu da na dama daidai da juna don kada sitiyari ya karkace. Bayan kowane juyi tura motar gaba da baya ta saki jikinta kafin ka sake awo. In ka shimfiɗa leda ninki biyu ƙarƙashin kowace taya, za ta riƙa zamewa ba ta yi maka ƙarya ba.

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a hau a ji, sannan a taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanda ya gyara da wanda ya ɓata ba. Gwajin farko a hankali, a wurin da ba jama'a. Bayan kamar kilomita 200 ka sake bin ƙusoshin da sifanar awo, ka sake auna tsayi tunda sabon sifirin yana ɗan zama, ka duba saitin fitilun gaba. Sannan shafa tafin hannunka a kan tayar daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ka ji santsi ta ɗaya fuskar, kaifi ta ɗayar, saitin bai zauna ba: cin gefen waje tsukewa ce ta yi yawa, cin gefen ciki buɗewa ce, sai ka mayar da zarenka.